Tambaya da Amsa: Ina kuɗin yaƙi da aikin tilas ke tafiya?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo cewa a 2025 Amurka ta soke tallafin da take bayarwa don yaƙi da aikin tilas a wasu ƙasashe. Ni a ganina kuɗin nan a taro da otal suke ƙarewa. Ko sun taɓa ceton wani? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ba zan musa ba, akwai tarukan da shan shayi ne kawai. Amma bari na ba ki labarin audugar Uzbekistan.

Shekara da shekaru, da kaka ta yi, gwamnatin ƙasar kan kwashi malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da ɗalibai zuwa gonakin auduga. A bar allo da alli, a rataya wa mutum buhu a ƙugu, a yanka masa kilon da zai tsinko kafin faɗuwar rana. Wanda ya ƙi, aikinsa ko karatunsa na cikin haɗari. Kusan mutum miliyan 2 ake tarawa kowace shekara.

Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, mai hedikwata a Janeba, ta fara sa ido a 2013. Ma'aikatanta sukan shiga gona ba sanarwa, su ja mai tsinka gefe su tambaye shi: kai ka zo da kanka ko an turo ka? An biya ka? Mota, mai, tafinta, layin wayar kai ƙara, duk kuɗi ne, kuma Tarayyar Turai da Amurka da Suwizalan na cikin waɗanda suka biya. A 2022 ILO ta bayyana cewa tilascin da gwamnati ke tsarawa ya kau, ƙungiyoyin da suka ƙaurace wa audugar ƙasar kuma suka janye. Gaskiya ɗaya ce, ba kuɗin kaɗai suka yi aikin ba. Sai da Shavkat Mirziyoyev ya zama shugaban Uzbekistan a 2016 ya ga damar kawo gyara, ƙauracewar kamfanonin tufafi ma ta ciji gwamnatin. To amma da ba a biya masu zagayen ba, wa zai tabbatar an daina?

Abin da kika ji kuwa haka ne: a watan Maris na 2025 Ma'aikatar Ƙwadagon Amurka ta soke tallafin kusan dala miliyan 500. Ki auna shi da wannan: ƙiyasin ILO na 2021 ya ce mutum miliyan 27.6 na cikin aikin tilas, rahotonta na 2024 kuma ya ce masu cin guminsu na samun haramtacciyar ribar dala biliyan 236 duk shekara. Kuɗin da aka soke ba su kai ribar da waɗannan mutane ke samu a yini guda ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne dokokin hana shigo da kayan da aka yi da aikin tilas, irin ta Amurka da wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024. Jami'in kwastan da ke tashar jirgin ruwa ba ya ganin gona ko masana'anta, rahoton masu bincike yake karantawa, su kuma da irin wannan tallafin ake biyan da yawansu.