Tambaya da Amsa: Wasan golf a kan tsaunuka

Tambaya daga wani Alhaji a Garwa: Assalamu alaikum. Nakan buga golf a filin Mont Fébé idan harka ta kai ni Yaunde. Abokan wasa suna cewa a kan tsauni ƙwallo ya fi tafiya nesa. Gaskiya ne, ko dai ƙarin gishiri ne irin na 'yan wasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya suka faɗa maka, kuma dalilin iska ne. Duk sanda ka ƙara hawa, iska tana ƙara sakayau. A tsayin mita 1,000 daga teku kaurinta ya ragu da wajen kashi 9 cikin ɗari, a mita 1,500 kashi 14, a mita 3,000 kuwa rubu'inta ya tafi. Ƙwallon da bai samu mai tare shi sosai ba dole ya zarce.

Lissafin da za ka riƙe: wajen kashi 4 cikin ɗari na ƙarin nisa a kowane mita 1,000. Bugun da yake kai mita 150 a Duwala da ke bakin teku, a Garwa bai fi ya ƙaru da taku ɗaya ko biyu ba, don garin bai kai mita 300 a tudu ba. A Ngaundere, da ke kan tudun Adamawa wajen mita 1,100, zai kai 156. A mita 1,500 zai kai wajen 159, a mita 3,300 ya kusa 170. Mai ƙarfin hannu da ƙwallonsa ke tashi sama sosai yakan samu fiye da haka, mai bugun ƙasa-ƙasa kuma kaɗan yake samu.

Amma Alhaji, kada ka yi saurin murna. Iskar da ke tare ƙwallo ita ce kuma take tallafe shi. Ƙananan ramukan da ke jikinsa, tare da juyin da yake yi da baya, su ne ke kama iska su ɗaga shi, sannan ya sauko a tsaye ya tsaya kusa da inda ya faɗi. Idan iskar ta yi sakayau, sai ya tafi a miƙe, ya sauka a kwance, ya gangara ya wuce tutar da ke nuna ramin da ake son jefa shi. Nan ne baƙo ke asarar maki. Akwai kuskure biyu kuma. Na farko, rage nisa a gajeren bugu: abin da bai kai mita 50 ba, ƙwallon bai daɗe a sama ba balle iska ta yi masa wani tasiri, saboda haka ka buga yadda ka saba. Na biyu, mantawa da sanyi. Zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000, iska mai sanyi kuwa ta fi nauyi. Bugun ƙarfe bakwai na safe da na azahar ba ɗaya ba ne.

Kafin ka shiga wasa a sabon tudu, ka ɗauki sanduna uku, doguwa da matsakaiciya da gajera. Ka buga ƙwallo goma da kowace, ka zubar da mafi nisa da mafi kusa, ka fitar da matsakaicin takwas ɗin. Inda ƙwallon ya dira za ka auna, ba inda ya tsaya ba. Ka rubuta a takarda, ka sa a aljihu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Njamena: Waɗanne filaye ne suka yi suna a tsaunuka, kuma wanne ya fi tudu?

Amsa: Ɗan'uwa, mafi tudu shi ne filin Yak da ke Kupup a jihar Sikkim ta Indiya, wajen mita 3,970, kuma na sojojin ƙasar ne. A Indiyar dai akwai Gulmarg a Kashmir, mita 2,650, wanda ƙanƙara ke rufe shi da hunturu. A Boliviya akwai filin La Paz, wajen mita 3,300, inda rami na 12 ya yi suna saboda ana buga ƙwallo ne ta saman wasu kwazazzabai da ruwa ya sassaƙe kamar jerin suri. Na Lijiang a lardin Yunnan na ƙasar Sin, a gindin tsaunin Jade Dragon, an miƙe shi har yadi 8,548, don a tsayin mita 3,000 ɗan gajeren fili ba zai ishi ƙwallo ba.

A ganinmu tudu kaɗai ba ya sa fili ya yi kyau. Wanda ya kamata ka kalla idan kana son koyo shi ne Crans-sur-Sierre a tsaunukan Alps na Siwizalan, mita 1,500, inda ake gasar European Masters a ƙarshen bazararsu. Gwanin nan ɗan Sifen, Severiano Ballesteros, ya sake masa fasali a ƙarshen shekarun 1990. Ya san nisa ba zai wahalar da kowa a can ba, sai ya mayar da dandalin ramuka da yawa, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ke kewaye da kowane rami, kamar ƙwarya a kife. Ƙwallon da ya sauka a kwance sai ya sulale ta gefe, mai shi yana kallo.

Ba sai ka ƙetare teku ba ma. Filin Rayfield da ke Jos, wajen mita 1,200, tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza. Muthaiga da Karen a Nairobi sun haura mita 1,600.

Tambaya daga wata Hajiya a Marwa: Maigidana yana da jinin AS. Abokan kasuwancinsa sun gayyace shi wasa a La Paz. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau a ƙasa, amma a wuri mai tudu sosai, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe hanyar jinin saifa, musamman idan ya haɗa da wahala da ƙishirwa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, wani lokaci har kafaɗa. Wannan na asibiti ne nan take. Ya ga likita kafin ya yanki tikiti, ya faɗa masa tsayin wurin da lambobi: filin jirgin El Alto da ake sauka ya haura mita 4,000, alhali Marwa wajen mita 400 take. Mai SS kuwa, ba mu ba shi shawarar wannan tafiya ba sam.

Ko mai AA ba ya tsira daga ciwon tsauni, wanda kan fara daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Idan likita ya yarda, ya huta kwana biyu kafin ya taɓa sanda, ya fara da rami tara, wato rabin wasa, ya ba wani jakarsa ya ɗauka, ya riƙa kurɓar ruwa a kowane rami. Idan numfashi ya yi masa wuya alhali yana zaune, ko ya fara tangaɗi da ruɗewa, a sauko da shi ƙasa ba tare da jiran gari ya waye ba. Hular malafa ma dole ce, don ranar tsauni tana ƙona fata ko da ana jin sanyi.

Tambaya daga wani Malami a Ngaundere: Muna da fili a bayan gari, muna so mu yi wa matasa ramuka uku na koyo. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ku fara da hanyar ruwa. Ngaundere tana samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, jar ƙasarku kuma idan aka kankare ta a gangare, damina ɗaya ta isa ta zama kwazazzabo. Ku zagaya filin bayan an sha ruwa mai ƙarfi, ku kafa turaku inda ya bi da inda ya kwanta, ku kauce wa wuraren.

Dandalin rami shi ne mai cin kuɗi. A haƙa, a shimfiɗa bututun magudana, a zuba tsakuwa kaurin santimita 10, a ɗora yashi mai ɗan taki santimita 30. Gangarensa kusa da rami kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowane mita, in ba haka ba ƙwallo ba zai tsaya ba. Ramin kansa faɗinsa milimita 108 ne, zurfinsa aƙalla 102. Ciyawa kuwa, kiri-kiri ta ishe ku: tana jure rani da takawa, ga ta a ko'ina. Idan ba ku da ruwan ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, ku yi dandalin da tankaɗaɗɗen yashi a daddaɓe shi, a riƙa share shi bayan kowane wasa. Da can akan gauraya yashin da baƙin mai, amma ku bar wannan, yana sauka cikin rijiyoyin maƙwabta. Ku kewaye dandalin kaɗai da waya saboda kofaton shanu, sauran filin ku bar su su yi muku yankan ciyawa.

Ku kafa wa yaran doka ɗaya tun ranar farko. Buɗaɗɗen tudu da hadari wurin aradu ne, ga kuma sandar ƙarfe a hannu. Da an ji tsawa a ajiye sanduna a shiga gini ko mota, ba gindin bishiya ba, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.