Kulocin Beetle ɗina na sulɓewa tunda na ƙara wa injin ƙarfi

Tambaya: Malam, Volkswagen Beetle ce na gada wajen mahaifina, ƙirar 1974. Na faɗaɗa injin daga cc 1600 zuwa cc 1776, na sa kafireto biyu. Yanzu in na taka totur a giya ta huɗu sai injin ya yi ta kuka, mota ba ta gaba, ga ƙauri. Bakanike ya ce in sayi kulocin tsere mafi tauri. Tsoro nake kada in kashe motar Baba.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka na kan hanya. Kafin ka sayi komai a sauke injin a duba sil ɗin bayan filawul, wato babban ƙarfen da kuloci ke manne da shi, domin in baƙin mai ya jiƙa faifan kuloci, ko wane iri ka ɗaura sai ya sulɓe. In wurin a bushe yake, auna fuskar filawul ɗin, inda faifan ke zama. Na tsofaffin injina masu batir volt 6 milimita 180 ne, na 1600 kuwa 200, kuma 200 ɗin kake buƙata. Samo faifai na gama-gari mai sifirin a tsakiya, ka haɗa da furesha filet (mai matse faifan) matakin farko, irin na Kennedy mai matsin fam 1700. Ya ishi 1776 har da rara. Duba kuma ko akwai zobe a tsakiyar furesha filet ɗin: motocin Jamus daga 1971 marar zobe suke ɗauka.

Sai zancen "mafi tauri". Wallahi na gaji da jin wannan magana, kusan kullum sai wani ya shigo gareji da ita. Duk lokacin da ka taka kuloci, ƙarfin ƙafarka yana bi ta boris, mai danna furesha filet, ya tura filawul da kuranshaf gaba ɗaya, kuma meta guda ce, cikin waɗanda kuranshaf ke juyawa a kansu, ke tare turin, a cikin gidan inji na maganiziyam, ƙarfe mai laushi. Ka ɗora masa fam 2600 ka shiga cunkoson Kasuwar Kwari, taka-saki, taka-saki, me kake zato? Metar za ta cinye mazauninta. Wasan kuranshaf bai kamata ya wuce milimita 0.07 zuwa 0.13 ba. An taɓa jawo mini wata da aka yi wa wannan aika-aika, na kama fuli da hannu ina ja ina turawa, yana ƙwas-ƙwas kamar sakatar ƙofa, mai na ɗiga ƙasa. Gidan injin ya tashi aiki, shi kuwa wanda ya ba da shawarar ya karɓi kuɗinsa tuni.

Ba nan ta tsaya ba. Kulocin Beetle da kebur yake aiki. Ko kebur ya tsinke, ko cokalin boris ya karye, ko waldar bututun kebur ta ɓalle a cikin ramin tsakiyar mota, sai an yanka ƙarfe a kai gare ta. Faifan tsere mai fukafukai kuwa bai san lallashi ba, fizga yake, kuma giyabos mai shekara hamsin ne zai sha fizgar. Masu tallar nan ba su taɓa auna komai ba, kalmar "resin", wato tsere, ce kawai ke musu daɗi a baki. Ku ji tsoron Allah, dukiyar mutane ce.

Tunda injin na ƙasa, a wanke fuskar filawul a injin lathe, a ƙara turakunsa daga huɗu zuwa takwas. Bar wa feda wasan milimita 10 zuwa 20, kuma kilomita ɗari biyar na farko ka tuƙa a hankali har faifan ya zauna.