Amsa: Yanke kebul zai sauke SWR na daifol?

Malam, ka tambaya ko rage tsawon kebul ɗin coax, wanda ke haɗa eriya da rediyo, zai sauke maka SWR (ma'aunin rashin dacewar eriya da kebul) na eriyar daifol, wato waya mai hannu biyu, a zangon rediyo na mita 40. A'a, bar kebul ɗin yadda yake. Muddin na ohm 50 ne irin RG-58 ko RG-213, SWR ɗaya ne daga eriya har rediyo, sai ɗan abin da asarar kebul ke ɓoyewa. Wayar eriyar za ka gyara. Domin sanin tsawonta, raba 143 da 7.1, wato MHz ɗin da kake aiki a kai, za ka sami kusan mita 20, kowane hannu mita 10. Ka bar rara, ka riƙa naɗe bakin wayar kaɗan-kaɗan a hannuwan biyu daidai, kana aunawa.

In kuwa ka canja tsawon kebul ka ga allurar na'urar auna SWR ta motsa sosai, to wuta ce ke bin bayan kebul ɗin. Na sha ganin haka, kuma balun 1:1, wata 'yar na'ura da ke tare irin wannan wuta, a mahaɗar eriya ke magance ta. Inda tsawo ke aiki da gaske shi ne layin tsani mai ohm 450, wato wayoyi biyu a jere masu kama da tsani, kamar a tsarin eriyar da ake kira G5RV, domin shi ke juya ohm ɗin eriya ya kusanci abin da rediyo ke so.