Yaya zan gane ana kwashe mana bayanai ta intanet?

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutoci a wani ƙaramin kamfani. Katangar tsaronmu (firewall) da sabobinmu (servers) suna rubuta rajistar duk abin da ya shiga ko ya fita, amma yawanta ya fi ƙarfin ido. Me zan duba in gane ko ana sace mana bayanai?

Amsa: Ɗan'uwa, yawancinmu ƙofar shigowa muke gadi, alhali a hanyar fita ake kama ɓarawon bayanai. Kwamfutar ma'aikaci ta saba sauke abu da yawa, ta tura kaɗan. Idan ka ga kwamfutar akanta, wato mai lissafin kuɗi, ta tura gigabait 8 da ƙarfe 2 na dare zuwa adireshin da ba ta taɓa hulɗa da shi ba, to ka tsaya a nan. In kana da Zeek, manhajar sa ido kan zirga-zirgar bayanai, buɗe rajistar conn.log ka kwatanta orig_bytes (abin da mai fara haɗin ya tura) da resp_bytes (abin da aka maido masa). Sai dai ka fara sanin yadda zirga-zirgarku take a ranar lafiya, don kada ajiyar kwafin bayanai ta dare da kuka tsara da kanku ta tayar maka da hankali.

Ɓarawo mai haƙuri kuwa ba ya ɗaukar buhu, da mudu-mudu yake kwasa, sau da yawa ta DNS, tsarin da ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, tunda da wuya a toshe ta. Yakan yanka bayanan ƙanana ya cusa su cikin sunayen da kwamfuta ke tambaya. Za ka ga dubban sunaye daban-daban a ƙarƙashin suna guda, kowanne tarkacen haruffa da lambobi da ya kusa cika iyakar haruffa 63 da DNS ke yarda wa kowane sashe na suna, ga yawan tambayoyin TXT, wato nau'in tambayar DNS mai dawo da rubutu. Haka ma na'urar da ke tuntuɓar adireshi ɗaya duk bayan minti 5 ba fashi: ɗan'adam ba ya aiki kamar agogo.

Kafin a fitar, ana tarawa. A kutsen da aka yi wa kamfanin kantuna na Amurka, Target, a 2013, a wata saba ta cikin gida aka jibge bayanan katunan banki kusan miliyan 40 kafin a tura su waje. Don haka manyan fayilolin da aka matse da 7-Zip a inda ba a saba ba, ko Rclone, manhajar tura fayiloli zuwa ma'ajiyar intanet, da ba wanda ya san ya girka, abin bincike ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rajistar da ta makance ba a sani ba. A 2017 maharan Equifax, kamfanin tattara bayanan bashi na Amurka, sun yi kwana 76 suna ɗibar bayanan mutum kusan miliyan 147. Na'urar da ke leƙa cikin zirga-zirgar da aka kulle da lambobin sirri tana nan, amma takardar shaidarta ta dijital ta ƙare watanni da dama, don haka ta daina leƙawa. Ranar 29 ga Yuli aka sabunta ta, nan take aka ga bayanai na fita.

Saboda haka gobe, da izinin shugabanka, tura wani babban fayil na gwaji waje, ka koma rajista ka nemo shi. In ba ka gan shi ba, daga nan za ka fara gyara.