Filina Yashi Ne: Zai Ɗauki Gini, Sokawe da Rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili mai ƙafa 50 tsawo 50 faɗi a bayan garin Katsina, wajen hanyar Daura. Magini ya ce ƙasar yashi ce, ƙafa biyu ta isa harsashi. Ina son in yi sokawe da rijiya, maiɗakina kuma tana son ɗan lambu. Ƙasar za ta ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a filin. Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka sa a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a wuri biyu cikin filin, ka tsaya da kanka ka ga abin da shebur ke fitarwa. Saman ƙasa ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashi.

Arewacin jihar Katsina, daga Jibiya zuwa Katsina, Daura, Mai'aduwa da Zango, galibi jigawa ce. Sai ka gangara Malumfashi, Bakori da Funtuwa laka ke ƙaruwa. Yashin da ya zauna daram ba shi da laifi a gini, domin ba ya kumbura da damina ya tsuke da rani kamar laka, wadda ita ce ke tsaga bango daga kusurwar taga. Matsalarsa zaizaya ce: ruwan indararo kaɗai kan kwashe gindin katanga. Saboda haka kada a yanke zurfin harsashi da baki. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, in an dace da jar marmara madalla, a faɗaɗa kankaren, sannan a zagaye gidan da daɓe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne tsohon kududdufi. Birni irin Katsina da aka gina ganuwarsa da hasumiyar Gobarau da gidajen kakanninmu da ƙasa, dole ya bar ramuka, kuma da yawa an cike su da shara an yanka filaye. Idan raminka ya fito da leda, toka, tsumma ko baƙar ƙasa mai wari, ka dakata ka kira injiniya. Shara tana ruɓewa tana zama a hankali, gini kuma ya bi ta. Ka tambayi dattawan unguwar me ke wurin shekara 30 da suka wuce, sun fi takardar fili sani.

Sai sokawe. A ɗaya daga cikin ramukan, ka cika ruwa ya kwana ƙasa ta sha, washegari ka sake zubawa ka auna. Idan inci ɗaya ya fi awa bai sauka ba, laka ta yi yawa, ramin zai riƙa cika yana amai. A jigawa akasin haka za ka gani, ruwa ya ɓace nan da nan. Mutane na murna da wannan, alhali ruwan da ya wuce da sauri bai tacu ba, yana iya kai ƙwayoyin kwalara da taifot cikin rijiya. Abin da ake so shi ne mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, kada a taɓa yin ƙasa da 15. To filinka, ƙafa 50 kusan mita 15 ce, daga kusurwa zuwa kusurwa ma mita 21 ne kacal. Gaskiya ban ba ka shawarar rijiyar sha a ciki ba. Ka kuma leƙa inda maƙwabta suka sa tasu rijiyar, haƙƙinsu ne a kanka. Tankin farko na sokawen, inda ƙazanta ke fara zuba, a shafe shi da siminti sosai kada ya yi yoyo, ramin tsotsewar a jera masa bulo don yashi na zubewa, a nesanta shi da harsashi aƙalla mita 3. Masu haƙa ma su yi hattara, ramin yashi na rufta wa mutum ba sallama.

Lambun Hajiya shi ne mai sauƙi. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa ko taki, ga damina gajera, daga Yuni zuwa Satumba. Ta yi fangali mai ɗan zurfi, ta cakuɗa ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, ta rufe da ƙaiƙayi, ta riƙa ban ruwa kaɗan safe da yamma. Zogale, yakuwa, kuɓewa da alayyafo za su yi. Bedi da mangwaro dai a kai su nesa da sokawe, saiwarsu na bin danshi har ta fasa bulo. Ruwan sokawe kuma kada ya taɓa latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye.