Jikka 400 a hannu: in koma harkar sadarwa?

Wani mai tireda a kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya: ya tara jikka 400, abokai na ta ce masa harkar sadarwa ce ke ci yanzu. Ya rufe tiredar ya koma can?

Malam, sadarwar da abokanka ke faɗi hawa-hawa ce. Hawan sama na masu kafa eriya da jan wayar intanet ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ta gaji Orange, da Niger Telecoms da aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da Sahelcom. Su ne hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ke sa wa ido, jarinsu kuma na biliyoyi ne. Jikka 400 a hawan ƙasa za ta ajiye ka: sayar da kati, tura kiredi, rajistar layi, cajin salula.

A nan fa ba kai ke yanka farashi ba. Katin jikka ɗaya jikka ɗaya ne, ko a Birni ko a Zango, naka ɗan kamasho ne kawai. Ribar tana cikin yawan juyawar kuɗi, shi ya sa bashi ke kashe wannan sana'a da wuri. Maƙwabci ɗaya ya ce "turo mini, gobe na ba ka" ya yi shiru, ya cinye maka ribar ciniki da yawa. Kuma in ka yi kuskuren lamba ɗaya, da wuya kuɗin su dawo.

Tura kuɗi ya fi kati kawo mutane, amma yana daskarar da jari: dole ka riƙe tsaba a aljihu da wasu kuɗin a layi lokaci guda, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke cika. Ga kuma kamfanonin tura kuɗi Nita da Amana da jama'a suka saba da su.

Ni dai ba zan rufe tiredar ba. Ware jikka 100, ka sa tebur a bakin shagon: kati, caja, waya, da ɗan faranti mai hasken rana don caji in an ɗauke wuta. Buɗe masa littafinsa daban, kada kuɗinsa su haɗu da na sukari da shinkafa. Bayan wata uku ka duba littafin. Layi kuwa kada ka yi wa kowa rajistarsa sai da katin shaidarsa a hannu, ko da ɗan uwanka ne.