Tambayi Likita: Gwajin jini da kula da kai bayan tiyatar rage ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata takwas ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Alƙahira, irin wadda ake ce wa baifas. Na sauke kilo 28, sukarina ya daidaita, kuma garau nake jin jikina in ban da zubewar gashi. Tun da na dawo sau ɗaya na yi gwaji, aka ce jinina ya cika. Akwai sauran gwaji, ko na huta? Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki. Sai dai da sauran aiki. Idan aka ce "jini ya cika", galibi PCV ko himogulobin kaɗai aka auna, shi kuwa shi ne na ƙarshen faɗuwa. Tuwo ba ya yankewa a gida sai rumbu ya ƙare ƙarƙaf. Rumbun sinadarin ayon a jiki shi ne feritin, kuma yana iya yin ƙasa watanni kafin PCV ya motsa.

A baifas, abinci na tsallake farkon ƙaramin hanji, wurin da jiki ya fi tsotse ayon da kalsiyam. Ruwan tsamin tumbi ya ragu, haka ma sinadarin da tumbi ke fitarwa don a iya tsotse bitamin B12. Hanta na ajiye B12 na shekaru, shi ya sa mutum kan kai shekara 2 ko 3 lafiya lau, sannan tafin ƙafa ya fara yi masa kamar ana tsira allura. Jijiyar da ta daɗe da lalacewa ba lallai ta dawo daidai ba.

Ka'idar ita ce gwaji a wata na 3, na 6, na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara har abada. Ki je a cikin makon nan, ki nemi cikakken ƙirgen jini, feritin, B12, folet, kalsiyam, bitamin D, PTH (sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini), aikin hanta da na ƙoda, da HbA1c (gwajin matsakaicin sukari na watannin baya) tunda kina da tarihin sukari. Zink da kofa (sinadarin jan ƙarfe) a auna su a kalla sau ɗaya a shekara.

Wurin karanta sakamako ake yawan tuntuɓe. Zazzaɓin cizon sauro, ko kowane kumburi a jiki, yana ɗaga feritin, sai takarda ta nuna rumbu cike alhali wayam ne. Idan kin yi zazzaɓi, ki bari ki warware da wasu makonni, ko a haɗa da gwajin CRP mai nuna kumburi. Kalsiyam na jini ma yakan yi ruɗi: jiki na yagar sa daga ƙashi don ya riƙe adadin, sai hauhawar PTH ce ke tona asiri. Sannan ki dubi ma'aunin da ke gefen lamba. Ana son bitamin D ya wuce 30 idan an rubuta ng/mL, wanda ya yi daidai da 75 a nmol/L. Mai 40 a ma'auni na biyu yana cikin ƙaranci ko da lambar ta yi masa kyau a ido.

Abin sha kullum: ƙwayar bitamin mai haɗe da ma'adanai, ayon miligiram 45 zuwa 60 ga mai al'ada, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana idan an haɗa da na abinci, da bitamin D kimanin IU 3,000 har adadin ya hau. Kalsiyam sitret ya fi shiga jiki idan ruwan tsami ya yi ƙaranci, kuma a raba shi, kada ya wuce 500 zuwa 600 a sha ɗaya. B12 kuwa allura ce ta miligiram 1, wasu likitoci duk wata, wasu duk wata 3, ko ƙwaya kullum. A bar tazarar awa 2 tsakanin ayon da kalsiyam, kuma kada a kora ayon da shayi ko madara. Kada ki wadatu da folik asid kaɗai, yana gyara ƙirgen jini ya ɓoye ƙarancin B12.

Gashi kan zuba tsakanin wata na 3 da na 6 saboda saurin ramewa, ya tsaya da kansa. Naki ya kai wata 8, don haka feritin, zink da furotin nake zargi. Ki samu giram 60 na furotin a kalla kowace rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, sai an haɗa da kifi, kaza, wake, awara da kindirmo. Takardun Alƙahira, musamman bayanin tiyatar, ki haɗa su da kowane sakamako a fayil ɗaya, ki samu likita ɗaya a gida mai bin su a jere.

Tambaya: Likita, sati 4 da yi wa maiɗakina tiyatar da ake yanke yawancin tumbi a bar shi siriri. Kwana 10 ke nan duk abin da ta ci sai ta amayar. Mai kemis ya ce a sa mata ƙarin ruwa a gida. In yarda? Daga wani Malam a Maraɗi.

Amsa: A'a Malam, asibiti za ka kai ta yau. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce sati 2 zuwa 3, kuma amai na ƙarar da ita. Idan aka ɗaura ruwa mai gulukos kafin a ba da B1 ta jijiya, ɗan abin da ya rage sai ya ƙone, ƙwaƙwalwa ta taɓu: ruɗewa, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi. Ka faɗa wa likitan da bakinka cewa an yi mata tiyatar tumbi, a fara da B1 ba tare da jiran sakamako ba. Sai kuma a binciki dalilin aman, domin wani lokaci tumbin ne ya tsuke ko ya murɗe. Idan akwai zazzaɓi, bugun zuciya sama da 120 a minti, ko ciwon kafaɗar hagu, ana tsoron ɗinkin ya yoyo, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Tambaya: Yaushe zan iya ɗaukar ciki bayan baifas, kuma me zan sha don ciwon mara? Daga wata amarya a Kaduna.

Amsa: Ki jira wata 12 zuwa 18, sai nauyi ya tsaya, a kuma auna feritin, B12 da folet kafin cikin. Haihuwa kan buɗe da wuri bayan an rame, ƙwayar tsarin iyali ta sha kuma ba abin dogaro ba ce bayan baifas, gara ashanar hannu ko robar mahaifa. Ciwon mara ki sha farasitamol. Ibufurofen, dikulofenak da haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis suna jawo gyambo daidai inda aka haɗa tumbi da hanji, kuma yana iya zubar da jini ko ya huda.